An Riga An Sha Gahawa

Salt, farkon Maris

Zuwa ga ɗan baffana Zuhdi, Abu Rakan,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Widad da yara, kuma ciwon bayan nan ya sake ka. Mu nan alhamdu lillahi. Baba ya fita sanyin bana da ƙyar, amma dai ya fita, tarin ne kawai bai bar shi ba. Man zaitun da ka ce a aiko yana nan na ɗaure. Direban da zai kawo maka wannan takarda ya ce shi ba ya ɗaukar mai, wai ya taɓa yi masa ɓarna a kaya. Sai ka yi haƙuri.

Na so in faɗa maka wannan magana a waya, to amma ka san inda wayar take, gefen kujerar Baba. Mutumin da ba ya jin sallama, amma da an ambaci gida sai kunnensa ya buɗe.

Majalisar gari ta fara shigar da tsofaffin gidajen dutse cikin rajistar gidajen tarihi. Gidan da ya shiga ba a rushe shi, kuma za su riƙa taimakawa da gyara. Sai dai ba a ƙara masa komai, ba ɗaki, ba bene, ko taga ba ka faɗaɗawa sai da izini. Kuma ba sa shigar da gida sai duk masu shi sun sa hannu. Namu kuwa ka sani, rabi na Baba ne, rabi naka tun rasuwar Baffa Ayed, Allah ya jiƙansa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ɗakin baƙi cike da tsofaffin unguwa, sai ga wata yarinya injiniya daga majalisa, sunanta Lamis, da takardu a naɗe a hammata. Yarinya mai ladabi, amma a ƙasar waje ta girma. Baba da kansa ya zuba mata gahawa. Ta karɓa, ta ga hannu ɗaya ba zai warware mata takarda ba, kawai sai ta ajiye finjalin a ƙasa gabanta. Zuhdi, kowa a ɗakin nan ya juyo yana kallon finjalin. Ina bakin ƙofa riƙe da tire, a idona aka yi. Ita ba ta san abin da ta yi ba. Su kuwa tsofaffi abin da suka gani shi ne baƙuwa ta ajiye gahawa ba ta sha ba, wato da buƙata ta zo, ba za ta sha ba sai mai gida ya biya mata ita.

Baba ya gyara zama ya ce, "'Yata, sha gahawarki. Abin da ya kawo ki kin samu."

Ta ce, "Na gode, Baffa." Ta kurɓe abinta har tana yamutsa fuska don ɗaci, sannan ta shimfiɗa takardu ta fara bayanin rajista. Tsofaffi suna ta "Allah ya ƙara girma, Abu Adnan."

Da aka watse na ce, "Baba, ka san abin da ka bayar kuwa? Saman gidan nan fa ka yi wa Zuhdi alkawarinsa." Ya ce, "An sha gahawa." Ya jawo bargo ya rufe ƙafafunsa.

Wallahi wani sa'in in na tuna fuskar yarinyar nan, tana ta bayani ba ta san an riga an ba ta gida ba, dariya ce ke kama ni. Ga takardar majalisar na haɗo maka, Baba ya sa nasa hannun. Ka duba ka gaya mini abin da ka gani.

'Yar baffanka,
Insaf

Jubail, Afrilu

Zuwa ga 'yar baffana Malama Insaf,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Baya da sauƙi in ban daɗe a tsaye ba, sai dai aikin tace ruwan teku ba a zaune ake yinsa ba. Ki gaida Baffa, ki ce ina roƙa masa sauƙi.

Na karanta takardarki sau uku. Wurin da na fi tsayawa shi ne inda kika ce dariya ke kama ki. To madalla. Ni dai ban yi dariyar ba, Widad ma ba ta yi ba.

Kin manta ranar da aka binne mahaifina? Baffa ya kama hannuna, ya hau da ni saman gidan, ya buga ƙafa a kan rufi ya ce, "Wannan sama taka ce. Je ka nemo, ka dawo ka gina." A kan wannan magana na zo ƙasar nan. A kanta na yi shekara sama da ashirin ina shaƙar gishiri. Kin san nan ba a tsufa, ranar da aiki ya ƙare ranar za ka tattara naka ya naka. Baɗi kwantiragina zai ƙare, kuma na riga na ce musu ba zan sabunta ba. Zanen ɗakunan yana nan a aljihun jakata har ya fara yagewa a ninki. Widad ta sayi labule tun shekaru uku da suka wuce, suna cikin akwati a kan kabad, tana sauko da su ta shanya ta mayar. Yanzu in ce mata me? In ce wata yarinya ta rasa inda za ta ajiye finjali?

Haba, Insaf! Wannan al'ada ta neman aure ce da sulhun jini, ba ta ma'aikaciyar majalisa mai takarda a hammata ba. Duk mai hankali ya san kuskure ne. Kuma in alkawari ake ji da shi, nawa ya riga nata.

Zan tambaye ki abu ɗaya, kada ki ji haushi, ko ma ki ji. Wa ya gaya wa yarinyar ta zo ranar Juma'a, daidai lokacin da ɗaki ke cike da shaidu? Ke kika koyar da tarihi shekara da shekaru. Ke ce ba ki son a taɓa ko ƙusa a gidan nan. Na tuna ranar da na nuna miki zanen, kika ce siminti a kan rawayan dutse kamar a sa wa tsohuwa takalmin ƙwallo ne. A lokacin na ɗauka wasa kike.

Ba zan sa hannu ba. Ki gaya wa Baffa da ladabi, amma ki gaya masa.

Zuhdi

Jubail, ƙarshen Yuni

Insaf,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Mu zafi ne kawai, har ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa.

Shiru. Na aiko takarda, shiru. Na buga waya ba sau ɗaya ba, tana ta ƙara ba mai ɗauka. Gidan da ba a taɓa rasa mutum a cikinsa ba! In kin sa an cire wayar ne don kada ki ji muryata, to ki sani na fahimta. Da abin da na faɗa ƙarya ne, da tuni kin cika mini shafi huɗu da faɗa, na san ki. Shirun nan naki ya fi komai ba ni amsa.

Ban ce ina ƙin gidan ba. A cikinsa aka yanke mini cibiya. Ina son in mutu a cikinsa ne, shi ke nan laifina.

Zuhdi

Salt, Yuli

Zuwa ga Abu Rakan,

Sallama da gaisuwa. Ka tambayi lafiya a layi ɗaya, to bari in ba ka amsa a layi da yawa. Baba ya faɗi a tsakar gida a farkon Mayu, ƙirji ya cushe, muka kwashe shi sai asibiti a Amman. Can na tare, a kan kujerar roba, har makon jiya. Shi ya sa ba mai ɗaukar waya. Na dawo na tarar da takardunka biyu a wurin maƙwabta, na karanta su a tsaye ko mayafi ban cire ba. Ya samu sauƙi yanzu, yana cin abinci, yana faɗa da kowa. Ban aiko maka ba saboda shi ya hana, wai kada a tayar maka da hankali a bakin aiki. Ka ji mutumin da kake cewa ya manta da kai.

Ni na kira yarinyar? Ni? Zuhdi, ka ji kunya. Da ina son in hana ka gini, a fuskarka zan faɗa, kamar yadda na faɗa maka maganar takalmin ƙwallo, kuma har gobe ban janye ta ba. Dariyar da na ce ina yi, ta wanda ya rasa abin yi ce. Ban san sai na rubuta maka cewa na yi kuka kafin ka yarda abin ya dame ni ba.

Lamis kanta da ta ji abin da ta jawo, ta zo har asibiti da kawunta, dattijo mai mutunci. Idonta jawur. Ta ce, "Baffa, wallahi ban sani ba. Na sauke maka, ka ɗauka ban zo ba." Kawun ma ya sa baki, ya ce shi zai tsaya gaban mutanen unguwa ya faɗa. Baba yana kwance da robar iska a hanci, ya zare ta ya ce, "'Yata, ni dai tun da nake ban taɓa jin an amayar da gahawa ba." Ya mayar da robarsa. Haka suka tafi.

Don haka ga inda muke. In ba ka sa hannu ba, gida ba zai shiga ba, kuma duk garin nan za a ce Abu Adnan ya ce a sha, ɗan ƙanensa ya zubar masa. Ka san ba zai ƙara zama a ɗakin baƙi ba. In ka sa, ka rasa samanka. Na juya abin nan ta ko'ina ban ga inda ba a cuci wani ba. Ba zan ce maka ka yi ko kada ka yi ba.

Ni abin da ya fi ƙona mini rai ma ba kai ba ne, ƙanena ne Adnan. Ya zo asibiti da wani mai gine-gine, mutumin nan dai da ya kawo lokacin sanyi suka yi ta zagaya gidan suna nuna bango, Baba na kallonsu ta taga. A bakin ƙofar ɗakin majinyaci, uban da ya haife shi na ciki yana numfashi da ƙyar, yake ce mini, "Yaya, in Allah ya yi abin da zai yi, wurin nan shaguna za su zauna a ƙasa, gidajen haya a sama. Ke kuma sai ki dawo wurinmu, akwai ɗan ɗaki kusa da kicin." Ɗan ɗaki kusa da kicin! Ni da na goya shi. Na ce masa ya fitar mini da baƙonsa kafin in tara masa jama'a.

Inabin tsakar gida ya yi kyau bana, ba mai ci sai tsuntsaye. Ka gaida Widad, ka ce mata ban ji daɗin abin da ya same ta ba.

Insaf

Jubail, Satumba

Zuwa ga 'yar baffana,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da Baffa ya tashi. Kunya ta kama ni da na ji inda kika kwana duk lokacin da nake nan ina ƙirga miki laifi. Ki yafe mini maganar da na yi. Zafin rai ne da nisa.

Na daɗe ban amsa ba don ina tunani. Ƙarshen takardarki, wurin da kika rubuta don ki huce kawai, shi ya hana ni sakat.

Ki tuna ranar da aka zo neman auren ƙanwata. Mutane suka ajiye finjali, Baffa ya bar su suna zaune yana tambaya, wane ne yaron, me yake yi, uwarsa 'yar wane ce, har gahawar ta huce aka sake dafa wata. Ki tuna rikicin gonar zaitun, yini guda ya yi bai ce a sha ba. Mutumin nan bai taɓa cewa "sha" kafin ya ji buƙata ba, ko sau ɗaya. Shi ne zai ga yarinya da tambarin majalisa a jikin takardunta, ana ta maganar rajista a gari, ya ce bai san abin da ya kawo ta ba? Insaf, Baffa bai yi kuskure ba. Yarinyar ce ta yi, shi kuma ya cafe.

Ya ga Adnan da mutuminsa ta taga. Ya san ranar da ya rufe ido, duk mai kaso zai iya kai magana kotu a sayar a raba, ni kuwa ba ni da ƙarfin sayen kason Adnan, ke ma ba ki da shi. Kuma tun da gaskiya ake faɗa, in da an zo mini da tayi mai kyau ina nan ina fama da baya, ban isa in rantse cewa ba zan saurara ba. Amma gidan da ba a rushewa ba a ƙara masa, mai shaguna ba zai ko kalle shi ba. Ba don duwatsu ya yi ba. Don ke ya yi, don kada ki ƙare a ɗaki kusa da kicin. Ba zai iya duban idona ya ce ya janye alkawari ba, sai ya nemi abin da ya fi ƙarfinsa ya ɗaure kansa da shi a gaban shaidu.

Na sa hannu, ga takardar nan. Daidai ya yi, da 'yata ce ni ma haka zan yi. Amma ba zan ɓoye miki ba, ya yi mini ciwo. Da ya kira ni ya ce, "Zuhdi, ka bar wa 'yar'uwarka," wallahi da na bari. Abin da ke cina shi ne bai yarda zan bari ba.

Na je ofis na ce su sabunta mini kwantiragi. In ƙarfi ya ƙare ma nemi haya a Zarƙa ko wani wuri, mutane da yawa haka suka yi. Widad dai ta daina sauko da akwatin.

Kada ki gaya masa na gane. Ki bar shi da girmansa.

Zuhdi

Salt, tsakiyar Nuwamba

Zuhdi,

Gaisuwa a gurguje, direba na jira. Ni lafiya. Baba ba shi da lafiya, kuma laifina ne da naka da nasa.

Ka ce kada in gaya masa. Kai ma ka san da wa kake magana. Na yi ta haɗiyewa har aka zo aka manna ɗan allon tagulla na rajista a bakin ƙofa, mutanen majalisa suka ci mansaf, shinkafa da naman rago, suka tafi. Rannan na kasa. Na ce, "Baba, ka san abin da ya kawo yarinyar nan tun kafin ta buɗe baki, ko ba haka ba?" Ya ajiye carbinsa. Ya ce, "Ta ajiye, ni kuma na gani." Na ce, "Wa ya ce maka ina buƙatar a tsare ni? Na roƙe ka?" Ina faɗa ina kuka, don haushi nake ji, kuma kunyarka nake ji. Kuma Allah ya sani, tun ranar da aka manna allon nan wani nauyi ya sauka daga ƙirjina wanda ban san ina ɗauke da shi ba. Wannan ma kunya yake ba ni.

Bai kula kukana ba. Ya ce, "Zuhdi yaushe zai dawo?" Na ce ba ka dawowa, ka sabunta, ka ce haya za ka nema. Ya ce, "Haya?" Sau biyu ya maimaita.

Washegari na dawo daga kasuwa na tarar ya tara maƙwabta sun sauko masa da gadonsa. Ka san ɗakin ƙasa, inda Kaka ke ɗaure alfadari da ajiye tulunan mai, wanda bangonsa ke tsattsafo ko da rani? Nan ya sa aka kafa gadon. Ɗakunan sama uku ya sa an kwashe an share, har nawa kayan an sauko da su ɗakin da ke gefen tsakar gida. Na ce, "Baba, me ke nan?" Ya ce, "Na yi wa yaro alkawarin sama. An hana a gina wata, ba a hana ni ba shi wadda ke akwai ba."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na kawo liman, na kawo likita. Likita ya ce danshin nan da ƙirjinsa ba za su ga ƙarshen sanyi tare ba. Baba ya yi kunnen uwar shegu da kowa. Adnan ya zo ya ce zai ɗauke shi ya hau da shi ko yana so ko ba ya so, Baba ya nuna masa sanda. Ya ce saman nan ba tasa ba ce yanzu, shi kuwa ba ya kwana a ɗakin mutum mai ɗakin ba ya nan.

An fara ruwa. Na kunna masa murhun kananzir biyu, bango na ta zufa, tarin ya dawo irin na watan Mayu. Kullum da safe sai ya tambaye ni ko an share sama.

Na ce ba zan taɓa ce maka ka yi ko kada ka yi ba. Yau na ce. Ka zo.

Insaf

Jubail, ƙarshen Nuwamba

Insaf,

Takardarki ta same ni a bakin aiki, daga nan ofis na wuce. Na ce a soke sabuntawar. Sun ce zan yi asarar wani abu daga haƙƙina, na ce na ji. Fasfona yana hannunsu, sai sun sakar mini shi, sun ce cikin watan gobe. Widad da yara za su biyo baya in an rufe makaranta, ni zan taho da jaka ɗaya.

Na buga waya jiya, ya ɗauka da kansa, ya yi ta cewa "Wane ne? Wane ne?" yana tari, har layin ya yanke. Don haka ki karanta masa wannan da ƙarfi, a kunnensa na dama.

Baffa, na karɓa. Sama tawa ce, na gode. Tun da tawa ce, ni ke da iko da ita, kuma na saukar da kai a ɗakin gabas, baƙona ne kai daga yau. Mu ɗakuna biyun baya sun ishe mu. In ka ƙi hawa, wallahi ranar da na iso zan shimfiɗa katifata a ƙasa kusa da gadonka mu yi tarin tare, gari ya ji cewa Abu Adnan ya kwantar da ɗan ƙanensa a ɗakin alfadari.

In ya yarda, kada ki bari ya taka matakalar nan da ƙafarsa, a ɗora shi a kujera a hau da shi. In bai yarda ba, ki jawo gadon nesa da bango, ki ƙara masa bargo.

Ki riƙe mini shi, Insaf, har in iso.

Ɗan baffanki,
Zuhdi